Taimakon da Makaranta Ta Tara: Unguwa Za a Kai ko Ƙasar Waje?

Tambaya: Wata shugabar makarantar kuɗi a cikin garin Gombe, mai sashen firamare da na sakandare da ɗalibai wajen 400, ta ce an amince a taron iyaye da malamai cewa makarantar ta riƙa tara taimako duk shekara. Sai dai kan iyayen ya rabu. Wasu sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa, a duba marayu da zawarawan unguwa. Wasu sun ce halin da mutanen Gaza da Sudan suke ciki ya wuce na kowa, can ya kamata a aika. Tana so ta san wanne za su ɗauka, me za su tara, ta wace hanya abin zai isa hannun masu shi, kuma yaya za su tsira daga zargi.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan niyya. Na daɗe a harkar makaranta, na kuma zauna a kwamitocin rabon tallafi, daga na masallacin unguwa har na lokacin da 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe da Adamawa suka kwararo Gombe a 2014. Zan faɗa miki abin da na ga yana tafiya daidai, ko da wani ɓangarensa ba zai yi wa wasu iyayen daɗi ba.

Ku yi duka biyun, amma kowanne da asusunsa. Na gida shi ne aikin shekara: hatsi, kaya, kuɗi, da bibiya. Na waje mako guda ya ishe shi a shekara, kuma kuɗi ne zalla, ta hannun ƙungiyar da za ta ba ku rasit. Kada ku tara a wuri ɗaya sannan ku zauna rabawa, nan rigima take. Akwati biyu za ku ajiye tun ranar farko, kowanne da rubutunsa, kowa ya jefa inda hankalinsa ya kwanta. Da haka gardamar iyayen ta mutu da kanta, tunda ba wanda zai ce an kai sadakarsa inda bai yi niyya ba.

Ko ta fuskar addini kowane ɓangare yana da madogara. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya ce masa a karɓi zakka daga mawadatansu a mayar wa talakawansu. Malamanmu na Malikiyya suna cewa a raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da nan, sai fa idan akwai waɗanda suka fi buƙata a nesa, sai a kai musu. To kin ga ba wanda ya yi ɓatan kai a cikin iyayen nan. Ni dalilin da ya sa nake rinjayar da gida shi ne abin da makaranta take iyawa. Ba ku da sito a Adre da ke iyakar Chadi da Sudan, ba ku da mota a Al-Arish da ke Masar. Amma kuna da malamar aji, wadda ta san yaron da ba ya fita in an tashi tara, da yarinyar da ta daina zuwa ranar kasuwa, da wanda sandal ɗinsa ƙusa ce ta riƙe shi tun zangon farko. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ba ta da wannan sanin, Majalisar Ɗinkin Duniya ma haka. In kun bar shi kuka tafi inda ba ku san kowa ba, kun yar da abin da kuka fi kowa.

Sai kuma darajar kuɗin. Kafin Yunin 2023 dala a banki ba ta kai naira 500 ba, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ƙaddara kun tara naira 600,000 kuma canji yana 1,500, dala 400 ke nan, kafin banki ya yanki nasa. Ba a raina ta ba, za ta ciyar da wasu. Amma ki aika wani kasuwar Tudun Hatsi ya tambayo buhun masara nawa wannan kuɗin zai saya a kaka, ki kawo amsar gaban iyaye, su yanke hukunci da lissafi a hannu.

Yanzu su wa za a ba. Fara daga cikin katangar makarantar. Mutane suna ɗauka duk wanda ya sa ɗansa a makarantar kuɗi mai hali ne, alhali akwai uwar da ƙosai take soyawa ta biya kuɗin zango kashi uku, akwai gidan da uban ya rasu bara kuma kawun da ya ɗauki nauyi ya fara janye jiki. Irin waɗannan ba za su taɓa zuwa su ce a taimaka musu ba. Su ne waɗanda Alƙur'ani ya siffanta a aya ta 273 cikin Suratul Baƙara, wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kai. Ki kira malaman aji ɗaya bayan ɗaya a ofishinki, ba a taron malamai ba, kowa ya ba ki suna biyu ko uku da dalili. Ki haɗa da na ma'aji, domin shi ya san wanda kullum yake zuwa neman a ɗaga masa ƙafa. Bayan nan sai masu shara, da maigadi, da masu rainon 'yan naziri. Sai a fita unguwa, a nemi mai unguwa da liman da fasto, da wata dattijuwa da matan unguwa suka yarda da ita, kowa ya kawo nasa sunayen daban. Sunan da ya fito a takarda biyu ko uku, da wuya a ce ba mabuƙaci ba ne. Wanda ya fito a guda ɗaya kawai, a leƙa gidan tukuna. Ba zargin kowa nake yi ba, amma duk wanda aka ba shi kaɗai ikon rubuta suna, nan da nan 'yan'uwa da surukai za su hana shi barci, kuma ba kowa ke iya cewa a'a ba.

Bari in ɗan ratse, domin maganar tana ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai makarantun kuɗi da malamansu ke bin su albashin wata biyu ko uku, ko kuma abin da ake biyansu bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, amma su ne kan gaba wajen kafa rumfar rabon kayan azumi. Malamin da ya zo aiki da ƙafa saboda ba kuɗin keke, a ce shi zai ɗauki buhu ya miƙa wa wani a gaban kyamara, wannan abin kunya ne. In taku tana cikinsu, ki gaya wa mai makarantar ya fara sauke wannan haƙƙin. Bashi yana gaba da sadaka.

Abin da ya fi muhimmanci a duk amsar nan, a ganina, shi ne lokaci. Kusan kowa da azumi yake bayarwa: attajirai, 'yan siyasa, ƙungiyoyi, masallatai. Gidan bazawara ɗaya sai ya sami gero da sukari daga wuri uku a mako guda. Madalla da hakan, ba na hana kowa neman ladan watan. Amma yunwar gaske a ƙasarmu tana zuwa ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga zazzaɓin cizon sauro yana cinye ɗan abin da ke hannu. A watannin ne ake ganin yara masu tamowa sun cika cibiyoyin jinya, irin wadda ƙungiyar likitoci ta MSF take gudanarwa a Kafin Madaki ta jihar Bauchi. Kuma a watannin ba mai rabon komai. Don haka ku tara a zangon farko, tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da masara da dawa da wake suke shigowa daga Kumo da Dukku da Bajoga farashi yana ƙasa, kuma iyayen da ke noma za su ba da mudu biyar ba su ji a jikinsu ba. Ku adana, ku raba a damina. Ki tuna makaranta tana tafiya dogon hutu a ƙarshen Yuli, saboda haka rabon farko ya fita kafin a rufe, na biyun kuma a ɗora wa mutum biyu da aka ambata da suna su fitar a Agusta.

Ajiyar tana da sharaɗi. Hatsin ya bushe ƙayau, a ɗora buhunan kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, ɗakin kuma makulli biyu a hannun mutum biyu. Wake shi ne mai fitina, in aka bar shi a buhu haka nan kafin Maris ya huje. Ku nemi buhun nan da ake kira PICS, mai leda biyu a ciki, masu sayar da kayan noma suna da shi. In aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin yakan mutu da kansa. Kada wani ya ce zai barbaɗa maganin ƙwari a abincin da yara za su ci.

Ga lissafin da ya kamata kwamitinku ya yi kafin ya rubuta suna ko ɗaya. Ma'aunin masu aikin agaji shi ne kalori 2,100 ga mutum a rana, kuma hatsin da ke ciki yakan kama wajen giram 400. Gida mai mutum bakwai zai ci kusan kilo uku a rana, kilo 84 a wata. Ke nan buhu mai kilo 100 wata guda ne da 'yan kwanaki ga gida ɗaya. In kun tara buhu 10, ko dai ku riƙe gida 10 na wata guda, ko gida 20 na mako biyu, ko gida 100 na kwana uku. Masu son taro za su zaɓi na ƙarshen, amma wannan an yi ba a yi ba ne. Ni gida 15 zuwa 20 nake ba da shawara, a raba musu sau biyu, kuma a ci gaba da sanin halin da suke ciki. Baɗi in ƙarfi ya ƙaru a ƙara.

Ba kullum abinci ne kan gaba ba. Ga maraya da ke ajin ƙarshe, kuɗin WAEC ko NECO ya fi masa buhun shinkafa. Ga gidan da ciwo ke cinye musu komai, ki tambayi hukumar inshorar lafiya ta jiha, GoHealth, yadda ake yi wa mutum rajistar shekara. Kayan da ya fi sauƙin tarawa kuma ba ya ɓata wa kowa rai shi ne na 'yan aji shida da masu kammala sakandare: yunifom, sandal, jaka, littattafai. Ƙungiyar Izala ta daɗe tana tara fatun layya tana gina abubuwa da kuɗin, kuma sirrin abin shi ne ta nemi abin da gida zai iya rabuwa da shi ba tare da ya ji ciwo ba. Ku ɗauki wannan dabarar. Tufafi kuwa ku sa doka: wankakke, mara yagewa, wanda mai shi zai iya sawa ya je Idi ko coci. In ba haka ba za ku wayi gari da tsummokaran garin nan kaf a ofishinki.

Wajen tarawa ne makarantu suka fi cutar da yara ba su sani ba. Na taɓa shiga wani ajin firamare huɗu ranar Juma'a, na tarar an jera sunayen yara a allo, gaban kowanne an rubuta abin da ya kawo. Wance, taliya katan ɗaya. Wane, shinkafa mudu biyar. Can ƙasa sunaye huɗu ba komai a gabansu, an ja musu layi da jan alli, monita yana tsaye yana karantawa da ƙarfi. Ɗaya daga cikin huɗun ta kifa kai a benci tana ta murza bakin hijabinta. Da aka duba takardar waɗanda za a kai wa kayan, gidansu ne na uku. Malamar ba muguwa ba ce, an ce mata ajin da ya fi tarawa zai sami kyauta, ita kuma tana so ajinta ya ci.

Saboda haka ba gasa tsakanin azuzuwa, ba karanta suna a asambuli, ba ƙayyade wa kowa adadi. Kowane yaro a ba shi ambulan iri ɗaya ya kai gida, ya dawo da shi a manne ko da ba komai a ciki, ya jefa a akwati. Hatsi kuma a kai sito kai tsaye, ba cikin aji ba. Yaron da ba shi da abin bayarwa yana da hannu: ya auna, ya ɗinke buhu, ya rubuta lamba, ya goge sandal. Da a ce makarantar gwamnati ce ma, da na ƙara da cewa dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, duk abin da ya yi kama da haraji zai jawo wa shugaba tambaya daga sama.

A Ingila makarantu suna ware ranar da yara ke zuwa da kayan gida maimakon yunifom su biya fam ɗaya, kuma tun 1988 suke shiga gangamin tara kuɗin agaji na Red Nose Day. Da kaka suna tara abincin gwangwani su kai rumbunan tallafi na unguwa. Ranar kayan gida za ta yi aiki a nan, muddin kuɗin kaɗan ne kuma ba a tsaya a ƙofa ana mayar da wanda bai biya ba. Haka ranar kasuwa, yara su yi zoɓo da cincin da alawar madara su sayar wa iyaye, ko 'yar gonar makaranta in akwai fili. A Amurka kuma tun 1950 yara suke bi gida-gida da 'yan akwatuna suna tara wa UNICEF. Wannan kam kada ku kwaikwaya. Kada a buga wa yara kati a ce su bi shaguna da tashar mota suna neman a cike musu. Muna fama da bara a titunanmu, bai kamata makaranta ta koya wa yaro miƙa hannu ga baƙo ba, balle 'ya mace, kuma in wani abu ya same su a hanya ke za a tambaya.

Ranar rabo kuma ki manta da rumfa da lasifika. Na ga inda aka kira sunan uwa a lasifika ta taso ta tsugunna ta karɓi leda, ɗanta yana cikin 'yan ajinsu da aka jera suna tafi. Litinin aka fara ce masa ɗan sadaka, kafin zangon ya ƙare ya daina zuwa. Aya ta 264 a Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma hoton da ya zaga wayoyin unguwa gori ne da ba ya gogewa. Ko a doka, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ake sarrafa bayanan yaro, hotonsa kuwa yana ciki. Uwar da ke jiran buhu ba za ta iya cewa kada a ɗauke ta ba, don haka kada ma a tambaye ta. A ɗauki hoton buhuna da yaran da suka yi aikin aunawa, da yardar iyayensu, ya wadatar.

Yadda ya fi rufin asiri shi ne bayan magariba a ɗauki Keke Napep, malama mace ta shiga cikin gidan, namiji ya tsaya a zaure. In maigidan yana raye a fara gaisawa da shi, a ce saƙo ne daga makaranta, kada a wuce shi a miƙa wa matar, domin wani ya gwammace ya kwana da yunwa da a nuna ya gaza a gidansa. Wata hanyar ita ce a bar hatsin wurin wani amintaccen mai shago, a ba kowane gida 'yar takarda mai lamba, su aika yaro ya karɓo kamar cefane. Ɗalibai ba sa bin tawagar zuwa gidan ɗan'uwansu ɗalibi, ko da shugaban ɗalibai ne.

Mu koma na waje. Ina goyon bayan a yi, kuma ba don kuɗin kawai ba. Yaron Gombe yana da alaƙa da Sudan wadda yawancinsu ba su sani ba. A Burmi, kusa da Bajoga, Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ranar 27 ga Yuli 1903. Waɗanda suka tsira daga cikin mabiyansa suka ci gaba da tafiya gabas ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka zauna a bakin kogin Nilu a yankin Sennar, garin har yau Mai Wurno ake ce masa. Ga kuma zuriyar mahajjatan ƙafa da suka yada zango a can ba su dawo ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu, ya kai jihar Sennar a 2024, kuma a Agustan shekarar aka tabbatar da bala'in yunwa a sansanin Zamzam na Darfur. In malamin tarihi ya ɗauki darasi ɗaya ya bi wannan hanyar a taswira daga Bajoga zuwa Sennar, yaran za su san wa suke tara wa. Gaza tana bakin kowa tun Oktoban 2023, Sudan kuwa ba ta samun mai ambato sosai, ku sa wannan a ma'auni wajen zaɓe. Wuri ɗaya za ku ɗauka a shekara, kada ku yayyanka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kaya ba sa tafiya waje. Duk shekara sai an sami mai cewa a tara barguna da tufafi a aika. Wa zai biya dako daga Gombe zuwa Legas, da kuɗin jirgi, da na kwastan a can? Wa zai karɓa ya tantance? Kuɗin dakon katan ɗaya ya fi ƙarfin abin da ke cikinsa. Kayan agajin da ke bi ta Masar zuwa Gaza ma ta hannun Red Crescent ta Masar suke wucewa, da jerin abin da aka yarda da wanda aka hana, kuma manyan motoci sukan yi makonni a layi. Kuɗi kuwa ƙungiyar da ke wurin za ta sayi abin da ake buƙata a kasuwa mafi kusa. Inda kaya suke da ma'ana shi ne maƙwabta. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, mota ɗaya daga Gombe za ta isa a yini, kuma kusan kowace unguwa a nan akwai mai dangi a can da zai faɗi abin da ake nema. Haka in ambaliya ta taɓa Jama'are ko Zaki ko Gamawa. Irin wannan ku bar masa ƙofa, ku bi ta hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ko Red Cross ko wata makarantar da kuka sani a can.

Hanyar aika kuɗin ita ce inda mutanen kirki suke faɗawa rami. Kada ku tura a asusun mutum, komai yawan mabiyansa a Facebook ko TikTok, komai kukan da ya yi a bidiyo. Ku bi ƙungiyar da ke da ma'aikata a wurin kuma take wallafa rahoton kuɗinta: Red Cross, wadda take da reshe a nan Gombe, ko UNICEF, ko Hukumar Abinci ta Duniya mai manhajar ShareTheMeal, ko MSF, ko Islamic Relief, ko Caritas, ko UNRWA da aka kafa a 1949 domin Falasɗinawa 'yan gudun hijira. Ku shiga shafinsu da kanku, kada ku danna abin da aka turo a WhatsApp. In wata ƙungiya ce ta gida ta ce tana kaiwa, ku nemi ganin rajistarta ta hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) da takardar SCUML, sashen EFCC da ke sa ido kan kuɗin ƙungiyoyi, sunan asusun ya zo daidai da na rajistar, sannan su faɗa muku wa suke miƙa wa a can. Mai gaskiya ba ya fushi da waɗannan tambayoyin. Wanda ya ce kuna tuhumar aikin Allah, ku yi masa sallama. Akwai dokoki biyu na 2022, ta hana halasta kuɗin haram da ta yaƙi da ta'addanci, kuma in kuɗinku ya faɗa hannun da aka haramta, sunan makarantar da na masu sa hannu ne a takardar banki. Ki je wurin manajan bankinku tun kafin a fara tarawa, ki faɗa masa inda za a aika, ya gaya miki takardun da zai nema da abin da za a cire.

Zakka kada ku cakuɗa ta da wannan. Tana da masu cin ta kashi takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma ba a sayen buhun ajiya ko biyan ɗan dako da ita haka kawai. Uban da yake so ya ba da zakkarsa ta hannunku, ku rubuta ta daban, ku tambayi malami yadda za a fitar. Kuma makaranta a Gombe da wuya ta rasa 'ya'yan Kirista, daga Billiri ko Kaltungo ko nan cikin gari, waɗanda su ma suna da al'adar godiyar kaka a coci-coci. Ku kira abin taimako, kowa ya sa hannu, kuma a ba gida saboda buƙatarsa, ba a duba inda yake ibada ba. A kwamitin ma kowane ɓangare ya ga nasa.

Zargi kuwa ba ya rasa zuwa, sai dai ya zo ya tarar da takarda. Kuɗin nan kada ya shiga asusun kuɗin makaranta, kada ya shiga na mai makaranta, ko na minti ɗaya. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiyar iyaye da malamai, masu sa hannu uku, sai biyu sun sa kuɗi zai fita, kuma ɗaya daga cikinsu uba ne ko uwa da ba ma'aikacin makarantar ba. Akwati a buɗe shi a gaban mutum huɗu, ciki har da manyan ɗalibai biyu, a ƙirga, kowa ya sa hannu, a kai banki a ranar. Ke da kanki ki nisanci riƙe tsabar kuɗin. Kuɗin keke da buhu da ɗan dako makaranta ta ɗauka daga aljihunta, don ku iya cewa duk kwabon da aka bayar ya isa. Cikin mako biyu da gama rabo a manna takarda a allon sanarwa, a tura kwafinta zauren iyaye: an sami kaza, an sayi buhu kaza a kan kaza, gida kaza suka karɓa, ga rasit na abin da aka aika waje. Sunayen gidajen suna cikin littafi a kulle, mutum biyu da iyaye suka zaɓa ne kaɗai za su duba su tabbatar.

A wasiƙar farko da za ki aika wa iyaye ki sa layi ɗaya da mutane ke mantawa: in zango ya ƙare hanyar aika kuɗin waje ba ta samu ba, ina za a kai shi? Ki rubuta zaɓin a fili, ko a mayar da shi asusun gida, ko a ba wata ƙungiyar da aka ambata da suna, yadda duk wanda ya jefa a akwatin ya san da sharaɗin tun farko. In ba a rubuta ba, sai an sake kiran taro an nemi izinin masu kuɗin kafin a taɓa ko sisi.